Yadda Ake Bin Sawun Kalma: Daga Al'aura Zuwa Aurat

Shekarun baya, ina karatun Larabci a ƙasar waje, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani ɗalibi mutumin Lahore ta Pakistan. Mutum ne mai kunya ƙwarai, ko riga ba ya cirewa in ina ɗakin. Wata rana da daddare yana waya da mahaifiyarsa da Urdu, sai na ji yana ta maimaita wata kalma: aurat, aurat. Ni kuwa tun ina yaro abin da na sani shi ne al'aura, wadda ake koya mana iyakarta a babin sallah. Na yi tsit a kan gado ina cewa a raina, wace irin hira ce wannan tsakanin ɗa da uwa?

Da ya ajiye wayar na kasa haƙuri. Na ce, "Ɗan'uwa, lafiya dai a gida? Na ji kana ta ambaton al'aura." Ya dube ni bai gane ba. Da ya gane sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce wata mata ce maƙwabciyarsu ta dawo daga asibiti, kuma aurat a wajensu mace ce kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mutumin nan aji ɗaya muke zama ana karanta mana hukuncin suturce al'aura da Larabci, amma ya ce bai taɓa haɗa kalmomin biyu a ransa ba. Ɗaya tana cikin littafi, ɗaya tana bakin uwarsa.

Daga wannan daren na kamu da cutar bin sawun kalmomi. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi, kuma da wannan kalmar zan nuna ta, don da ita na koya.

Fara da rubutu, kada ka yarda da kunne

Kunne maƙaryaci ne a wannan sana'ar. Abu na farko, ka sa mai harshen ya rubuta maka kalmar da haruffansu. Abokina ya rubuta: عورت. Da na ga ainun a farko, hankalina ya kwanta cewa ba kama ce kawai ta lafazi ba. Farisanci da Urdu ba su da sautin ainun irin na Larabawa. Mutanen Iran suna cewa owrat, na Pakistan da Indiya suna cewa aurat, ainun ɗin ya ɓace daga baki amma yana nan zaune a rubuce. Duk inda ka ga ainun, ko sadun, ko ha ƙarami a kalmar Farisanci ko Urdu, mafi yawan lokaci baƙuwa ce daga Larabci. Da a rubutun Hindi na fara ganinta, औरत, da ban samu wannan shaidar ba, don can an rubuta yadda ake furtawa ne kawai.

Ga misalin yadda kunne ke kai mutum rami. Na taɓa jin wani yana rantsuwa cewa aure da aurat abu ɗaya ne, wai ai mace ake aura. Ba haka ba ne. Tsohon lafazin aure shi ne amre, kuma har yau akwai karin Hausar da ke faɗar haka. Ga amarya nan tana riƙe da m ɗin. Hanya ce ta daban, sai dai suka yi kama a fuska. Haka ma wasu ke haɗa aura da uryan, wato tsirara. Ma'anoninsu maƙwabta ne, amma tushen uryan ainun, ra, ya ne, na aura kuwa ainun, wau, ra. Harafi ɗaya ya raba gari.

Ka koma tushe, ka zauna a can sosai

Yawancin mutane a nan suke gaggawa. Su buɗe ƙamus na zamani, su ga an ce aura tsiraici ne, su rufe. Kada ka yi haka. Ƙamus na zamani ma'anar da ta yi rinjaye yau yake ba ka, kai kuwa wadda ta riga ta kake nema.

Ni da Ibn Faris nake farawa, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan hijira, don littafinsa Maƙayisul Luga aikinsa ke nan: ya ɗauki haruffa uku ya gaya maka ainihin abin da suke kewayawa a kai. A kan ainun, wau, ra ya ce asali biyu ne. Ɗaya karɓa-karɓar abu tsakanin mutane, inda aka samu kalmar aron kaya. Ɗayan kuma ciwo a ido ɗaya. Wannan na biyun ne namu. A'awar shi ne mai ido ɗaya, siffar da hadisai suka ba Dujal. Daga ido mai naƙasa ma'anar ta faɗaɗa zuwa kowane irin aibi ko giɓi.

Sai ka wuce zuwa Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 711. A can za ka tarar aura tana nufin ɓaraka a bakin iyaka, wato gurbin da ba a tsare ba, inda abokan gaba za su iya kutsowa. Tana kuma nufin duk abin da ake jin kunyar bayyanarsa. Lura da kyau: ma'anar farko ta mayaƙa ce, ba ta masu wanka ba.

Alƙur'ani ya tabbatar da wannan, kuma abin daɗin shi ne wuraren kaɗan ne, za ka iya duba su a zama ɗaya. A Suratul Ahzab aya ta 13, lokacin yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan hijira, wasu suka zo neman izinin komawa gida suna cewa "inna buyutana auratun", gidajenmu a buɗe suke, ba mai tsaron su. Aka mayar musu da cewa ba a buɗe suke ba, gudu kawai suke so. Gida ne aka kira aura a nan, ba jiki ba. A Suratun Nur aya ta 58, lokuta uku ne aka kira da wannan suna: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya a huta, da bayan sallar isha. Nan kuma lokaci ne aura, sa'ar da mutum ya saki jiki, bai shirya a shigo masa ba. Sai a aya ta 31 ta surar ne kalmar ta zo a jingine da mata, inda ake maganar yara ƙanana da ba su san al'aurar mata ba. Da aka zo labarin Annabi Adamu da Hauwa'u, da tsiraicinsu ya bayyana, ba wannan kalmar aka yi amfani da ita ba. Sau'at aka ce.

Idan ka jera waɗannan, zaren da ya ɗinke su guda ne: wurin da yake a buɗe, wanda ake tsoron cuta ta shigo ta nan. Shi ya sa mai addu'ar safe da yamma yake cewa "Allahummastur aurati wa amin rau'ati". Ba wando yake roƙo ba, rufin asiri yake roƙo.

Wannan tushen har teku ya ƙetara. Awar a bakin fatake kaya ne da suka lalace, kuma masana da dama suna ganin daga nan Italiyawa suka samu avaria, asarar da jirgin ruwa ke yi a hanya. Na kawo wannan ne don kada ka yi zaton harkar mata kaɗai haruffan nan uku suka sani.

Nemo gadar

Yanzu kana da gaɓa biyu: aura, wurin da ake tsarewa, da aurat, mace. Dole akwai gada. Mafi bayyana ita ce hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Mas'ud, mai farawa da "almar'atu auratun", wato mace al'aura ce. Bayansa ga littattafan fiƙihu, waɗanda suka zauna suna auna iyakar al'aurar namiji da ta mace, mafi yawansu suna cewa jikin 'ya mace duka ne in ban da fuska da tafuka. Kalmomin biyu sun shekara ɗaruruwa suna zama kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya, kuma duk wanda ya je makaranta daga Nishapur zuwa Bukhara ya haddace su tare.

Amma a nan ne nake ganin mutane da yawa suna tsayawa da wuri. Dubi ginin jimlar. Mubtada'i ne da habari: mace ita ce kaza. Siffantawa ce, ba raɗa suna ba. Balarabe bai taɓa daina cewa imra'a da nisa'i, wato mace da mata, ba. Ba za ka ji shi ya ce aura ta zo tana sallama ba, don kalmar tana da rai a bakinsa, yana jin nauyinta. Ke nan sauyin ba a cikin Larabci ya faru ba. Hadisin ya kawo kalmar bakin kogi, wasu mutane ne daban suka ƙetara da ita.

Wannan ƙa'ida ce da za ta yi maka amfani a kowace kalma. Baƙuwar kalma ta fi sauƙin lanƙwasuwa, don wanda ya are ta bai san danginta ba. Bafarishe bai ji a'awar mai ido ɗaya a cikin owrat. Abin da yake ji shi ne kalma ce ta malamai, mai kwarjini, daga harshen littafi.

Wutsiyar kalma tana faɗin hanyar da ta biyo

A Larabci kalmar tana ƙarewa da ta-kuri, wadda ake furta ta in an haɗa, a bar ta in an tsaya. Farisanci, a kalmomi masu yawa, ya miƙe ta ya mai da ita ta sosai. Shi ya sa daula ta zama dowlat, rahama ta zama rahmat, hukuma ta zama hokumat. Urdu kuma a haka ya gaje su: hukumat, barkat, muhabbat, izzat. Mu namu salon daban ne, mukan yar da ta ɗin, sau da yawa kuma mu haɗiye alif da lam mu mai da su jikin kalmar: albarka, al'ada, al'umma, al'aura.

To idan ka ga aurat da ta a ƙarshe a bakin mutumin Delhi, ka san ba daga bakin Balarabe ya ɗauko ta kai tsaye ba. Ta yada zango a Farisa, an ɗinka mata rigar can.

Nemo 'yan'uwanta

Wannan ne matakin da na fi so, kuma shi ne ke bambanta bincike da shaci-faɗi. Idan dalilin da kake zato gaskiya ne, ba kalma ɗaya zai taɓa ba. Za ka samu wasu da suka bi irin hanyar.

Farisanci ba ya rasa kalmar mace. Yana da zan, tsohuwar kalma wadda take 'yar'uwar jin ta Kurdawa da gune ta tsohon Girkanci. Me ya sa mutanen da suke da tasu za su je aro? Kunya ce da kara. A cikin mutanen da ake ganin bai dace namiji ya ambaci matarsa ɓaro-ɓaro a gaban maza ba, sai a nemi kinaya. Kuma da ka leƙa za ka ga kinayoyin a jere. Akwai mastura, wadda aka suturce, har yau jam'inta masturat yana nufin mata a Urdun masu wa'azi. Akwai za'ifa, mai rauni, wadda mazan Iran na da suke kiran mace da ita. Akwai manzel, wato gida, mutum ya ce gidana ba shi da lafiya alhali matarsa yake nufi. Larabawan yankin Gulf suna cewa hurma, abin da aka haramta a taɓa.

Wadda ta fi burge ni ita ce iyal, waɗanda mutum ke ciyarwa. A Iran ayal matar mutum ce. Da ta isa Asiya ta Tsakiya sai ta yi abin da aurat ta yi daidai: a harshen Uzbek ayol mace ce, kowace mace, haka ma ayal a Kirgiz da ayel a Kazak. Mai karatu ya riga ya gane ta, ita ce iyali. Kuma ya san idan dattijo ya ce iyalina ta yi tafiya, mutum ɗaya yake nufi. Bambancin kawai, a wajenmu kinayar ta tsaya a kinaya, a can kuwa ta zama sunan yanka.

Akwai wata ƙofa ta biyu da nake ganin ta taimaka, ita ce labaran yaƙi. A littattafan tarihi na Farisanci, idan ana ba da labarin an ci gari, akan ce an kashe maza an kama "aurat wa atfal", da jan wasalin ra, wato mata da yara. Ka tuna ma'anar Suratul Ahzab. Idan mayaƙa suka faɗi, waɗanda suka rage a bayan ganuwa su ne wurin da ya zama a buɗe. A irin wannan jimlar, mai karatu ba ya buƙatar ya san komai game da tushe, ya ga kalma kusa da yara ya fahimci mata ake nufi. Daga jam'i sai tilo ya biyo. Ƙamus ɗin Steingass na 1892 da babban ƙamus ɗin Dehkhoda, duka na Farisanci, sun kawo ma'anonin biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya, tsiraici da mace.

Bi hanyar mulki

Kalma ba ta tafiya da ƙafarta, mutane ke ɗaukar ta, kuma yawanci masu iko ne ko masu alƙalami. Farisanci ya shiga Lahore da daular Gaznawi a farkon ƙarni na 11. An kafa sarautar Delhi a 1206, Babur ya kafa ta Mughal a 1526, kuma duk da cewa yawancin sarakunan nan jinin Turkawa ne, harshen fada da kotu da haraji da waƙa Farisanci ne. Haka aka yi ta tafiya har 1837, lokacin da Turawan Ingila suka sauke shi daga kujerar harshen hukuma. Shekara ɗari shida da ɗoriya ana rubuta ƙara da shaida da takardar gado da wannan harshen. A irin wannan tsawon zama, kalmomin magatakarda sukan sauko kasuwa.

Yadda za ka gane kalma ta zama 'yar gari shi ne ka duba nahawun da take bi. Jam'in aurat a Urdu na yau da kullum ba na Larabci ba ne, ba na Farisanci ba ne. Auraten ake cewa, in kuma ƙaramar kalma irin "ga" ko "daga" ta biyo baya a ce auraton, kamar kowace kalma ta mace da aka haifa a can. Ƙamus ɗin Urdu na Platts na 1884 ya riga ya kawo ta da ma'anar mace da matar aure. Kuma ba ta tsaya ga Musulmi ba, mai jin Hindi wanda bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba yana faɗarta kullum, gefe da gefe da stri da nari da mahila na Sanskrit.

Shaida mafi ƙarfi ita ce gurbin da ta bari. Da ta tashi daga tsohuwar ma'anarta, sai da aka nemo masu riƙon ƙwarya. Malamin Urdu idan zai yi maganar abin da ya wajaba a rufe a sallah, satr yake cewa. Idan gaɓar jiki ake nufi, sai a ce sharmgah, wurin kunya. Wannan ne ya sa abokina bai taɓa haɗa su ba. A harshensa, kujerar al'aura wani ne ke zaune a kai.

Duba inda labarin bai tafi haka ba

Kada ka rufe littafi don ka samu labari mai daɗi. Ka nemo wuraren da za su iya ƙaryata ka.

Je ka Indonesiya da Malesiya. Suna da aurat, harafi da harafi, amma ma'anarta irin tamu ce. Menutup aurat suturce al'aura ne, mace kuwa perempuan ce ko wanita. Musulmi ne, sun karanta hadisin nan, sun karanta fiƙihun nan, kalmar ba ta motsa ba. Mu ma ba ta motsa mana ba. Wannan ya nuna karatun addini shi kaɗai bai isa ya juya ta ba, sai da aka haɗa da al'adar rubutu da kinaya ta duniyar Farisanci.

Sai ka koma Iran ɗin kanta, ka sha mamaki. Wadda ta yi wa kalmar kaɗe-kaɗe ta raka ta Indiya, ita ta dawo daga rakiyar. A Farisancin Tehran na yau owrat ta koma al'aura, ma'anar mace sai a tsofaffin littattafai. Tsohuwar kalmarsu, zan, ita ke mulki. Taken zanga-zangar 2022 bayan mutuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a tsare a hannun 'yan sanda, da ita ya fara: zan, zendegi, azadi, wato mace, rayuwa, 'yanci. Sau da yawa haka ake, wanda ya ara ya fi mai kaya riƙon tsohon yayi.

Turkiyya ce za ta ba ka wahala. A zamanin Usmaniyya avrat kalma ce ta kowa, har akwai kasuwa a Istanbul da ake kira Avrat Pazarı, kasuwar mata. Yau ta zama kalmar ƙauye da zagi. A Azarbaijan haruffan sun yi musayar wuri, ta zama arvad. Sai dai akwai ƙulli. Mahmud Kashgari, a ƙamus ɗinsa na harsunan Turkawa da ya rubuta a shekarun 1070, ya kawo kalmar uragut da ma'anar mace, kuma kalma ce ta Turkanci. Akwai masana da ke ganin wannan ce ta gajarce ta yi karo da ta Larabci, suka narke suka zama ɗaya. Idan haka ne, sojojin Turkawa da suka mulki Iran da arewacin Indiya sun zo da kunnen da ya riga ya saba jin wani abu mai kama da aurat yana nufin mace. Ni ina ganin wannan bai rushe labarin kinaya ba, iska ce ta ƙara wa wutar da ta riga ta kama. Amma duk wanda ya ba ka labarin kalmar nan bai ambaci uragut ba, ya bar dutse ɗaya bai ɗaga ba.

Me za ka yi da abin da ka tono?

Nan ne ake faɗa. An kafa wata ƙungiyar kare haƙƙin mata a Pakistan a 1986 mai suna Aurat Foundation. A ranar 8 ga Maris 2018 aka fara jerin gwanon Aurat March a Karachi. Akwai masu cewa bai kamata mata su ɗaga tuta da kalmar da asalinta tsiraici da naƙasa ne ba. Akwai kuma masu cewa kalmar ta zama tasu, da ita iyayensu mata suka kira kansu, ba wanda zai ƙwace ta da ƙamus.

Ni a nawa ganin, ɓangaren farko suna da gaskiya a kan tarihi, amma sun yi kuskure a kan harshe. Tushen yana gaya maka yadda mazan da suka fara wannan kinayar suke kallon mace: abin tsarewa, abin ɓoyewa, wurin da ake tsoron a keto. Wannan gaskiya ce, kuma babu amfanin shafa mata mai. Sai dai bai gaya maka abin da yarinya 'yar shekara biyar a Multan take nufi ba idan ta nuna wata ta ce aurat. Ita mace take gani. Wanda ya dage cewa asali shi ne ma'ana, sai ya yarda kowace kadın, wato mace, a Turkiyya sarauniya ce, don kalmar daga khatun take, sarautar matan sarakunan Turkawa da Mongol. Waccan ta sauko daga fada, wannan ta fito daga bayan labule, suka haɗu a tsakar gida.

Amma kada ka ɗauka ba ta da sauran tabo. Kalma ce ta yau da kullum, ba ta girmamawa ba. A sanarwa da labarai da allon ƙofar masallaci a Pakistan, khatun za ka fi gani, ko jam'inta khawatin. Shi kansa wannan jam'in abin dariya ne ga ɗalibin sarfu, kalmar ba Balarabiya ba ce amma an karya ta a ma'aunin Larabci. Idan kana Lahore kana maganar mahaifiyar wani ko malamarsa, ka ce khatun. A Tehran ka ce khanom, kada ka kuskura ka ce owrat. A Istanbul hanım ko kadın. A Jakarta kuwa aurat ba mutum ba ce sam.

Idan kana son gwada hannunka, ga wata da abokin nan nawa ya jefa ni da ita daga baya. Ya ce wani mutum gharib ne, na ce daga wace ƙasa ya zo? Ya ce ai a unguwarsu aka haife shi. Gharib a Larabci baƙo ne, a Urdu da Hindi kuwa talaka ne, har Indira Gandhi, firaministar Indiya ta lokacin, ta yi yaƙin zaɓen 1971 da taken garibi hatao, a kawar da talauci. Sa a rubuta maka ita, ka ga gainun a farko, sannan ka buɗe Ibn Faris a kan gainun, ra, ba.